Taurari sun yi talla, jaridu sun yi amshi: yadda aka sayar wa duniya FTX

Ranar Litinin, 14 ga Yunin 2021, Cristiano Ronaldo ya shigo ɗakin taron manema labarai a Budapest, ana gobe Fotugal za ta kara da Hungari a gasar cin kofin nahiyar Turai. A kan teburin an girke kwalabe biyu na Coca-Cola, domin kamfanin yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar. Ya dube su, ya ture su gefe inda kyamara ba za ta kama ba, ya ɗaga gorar ruwa ya ce a sha ruwa. Duka-duka abin bai kai minti ɗaya ba. Kafin a ce kwabo labari ya zaga duniya, wai Ronaldo ya jawo wa Coca-Cola asarar dala biliyan 4. Manyan jaridu suka buga, gidajen rediyo suka karanta, mu ma a nan aka yi ta yawo da shi a majalisu da gidajen kallon ƙwallo, 'yan Ronaldo suna yi wa 'yan Messi gori.

Gaskiya ne darajar kamfanin ta sauka a ranar, daga kusan dala biliyan 242 zuwa 238. Sai dai waɗanda suka zauna suka bi agogo sun gano cewa farashin ya riga ya sauka a kasuwar hannun jari ta New York tun kafin hannun Ronaldo ya taɓa kwalaben. Ranar kuma ta zo daidai da ranar da ake cire ribar da za a raba wa masu hannun jari, santi 42 a kan kowane guda, abin da duk ɗan kasuwar ya san yakan sauke farashi. An rubuta gyaran daga baya, amma wa ya karanta? Labarin farko yana da sunan Ronaldo a kai, na biyu kuwa lissafi ne.

In aka ce kafafen yaɗa labarai suna da son kai, hankalin mutane yakan tafi ga siyasa: wannan gidan rediyo na gwamna ne, waccan jarida ta 'yan adawa ce. Akwai wata karkata da ta fi wannan zurfi, kuma ba a cika lura da ita ba saboda daɗinta. Ita ce karkata zuwa ga shahara. Duk abin da shahararre ya taɓa labari ne, duk abin da ya faɗa ya wuce ba bincike. Kan kwalbar lemo abin dariya ne, babu wanda ya rasa ko sisi. Amma a daidai wannan watan na Yuni wani kamfani yana ta ƙulla yarjejeniya da taurari a Amurka, kuma nasa labarin ya ƙare ne da ɓatan kusan dala biliyan 8 na kuɗin mutane.

Sayen fuska

Sam Bankman-Fried ya kafa FTX a 2019 tare da abokinsa Gary Wang. Kasuwa ce ta intanet inda ake saye da sayar da kuɗin kirifto: ka zuba dalarka, ka sayi Bitcoin ko waninsa, kamfanin ya ajiye maka. Ya fara a Hong Kong, ya koma tsibirin Bahamas a 2021. Matsalar irin wannan kasuwanci ɗaya ce, wato amana. Me zai sa magidanci ya kwashi abin da ya tara ya danƙa wa wani yaro ɗan ƙasa da shekara 30 da ke zaune a tsibiri, a kamfanin da bai fi shekara biyu da kafuwa ba? Banki yakan shekara hamsin yana gina suna. Bankman-Fried ba shi da wannan lokacin, sai ya tafi wurin waɗanda suka riga suka gina nasu ya saya.

A watan Maris na 2021 ya amince zai biya dala miliyan 135 domin a sa wa filin wasan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Miami Heat sunan FTX na tsawon shekara 19. A Yuni ya ɗauko Tom Brady, gwarzon ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, da matarsa ta lokacin, Gisele Bündchen, ya ba su hannun jari suka zama jakadun kamfani. Daga nan sai 'yan ƙwallon kwando Stephen Curry da Shaquille O'Neal, 'yar wasan tanis Naomi Osaka, da ɗan wasan besbol Shohei Ohtani. Alƙalan wasan besbol suka fara shiga fili da tambarin FTX a rigunansu, motocin tseren Mercedes na Formula 1 ma suka ɗauka. Kevin O'Leary, wanda ya yi suna a talabijin wajen tsare masu neman jari da tambayoyi masu zafi, da bakinsa ya faɗa daga baya cewa an biya shi kimanin dala miliyan 15. A lokacin shari'a an gabatar wa kotu takardar da ta nuna cewa alkawuran talla da ɗaukar nauyi da FTX ya ƙulla sun haura dala biliyan 1.

Wanda ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne tallan 13 ga Fabrairun 2022, ranar wasan ƙarshe na Super Bowl, wanda sama da mutum miliyan 100 suke kallo, inda a lokacin daƙiƙa 30 ta talla take cin kusan dala miliyan 7. Aka ɗauko ɗan wasan barkwanci Larry David, dattijo mai sanƙo da aka sani da ƙorafi da raina komai. Aka nuna shi a zamani daban-daban, kowane da shigarsa. An kawo masa taya ya ce ba za ta yi amfani ba. An kawo cokali mai yatsu ya nuna yatsunsa goma ya ce yana da nasa. Ya kushe kofi, ya kushe ƙwan lantarki a gaban mai ƙirƙirarsa, ya yi wa masu shirin zuwa duniyar wata dariya. A ƙarshe aka nuna masa manhajar FTX aka ce hanya ce mai aminci ta shiga kirifto, ya yamutsa fuska ya ce bai yarda ba, kuma shi ba ya kuskure a irin wannan. Sai rubutu ya fito yana gargaɗin mai kallo kada ya zama irin Larry.

A lura da abin da tallan ya yi. Bai ce ga inda za a ajiye kuɗinka ba, bai ce ga wanda yake duba littafin kamfanin ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da mai tambaya abin dariya. Na Curry ma haka: an yi ta kiransa gwanin kirifto yana musantawa, daga ƙarshe ya ce shi ba gwani ba ne kuma ba ya bukatar zama gwani tunda yana da FTX. Wato rashin sani ma an mayar da shi abin ado. Ba FTX kaɗai ba, a wannan lokacin ne jarumin fim Matt Damon yake yi wa Crypto.com talla yana kwatanta masu zuba kuɗi da jaruman da suka ratsa teku da sararin samaniya.

Har nan dai talla ne, kuma mai talla ba a taɓa cewa ya rantse zai faɗi aibin hajarsa ba. Aikin faɗin aibi na wasu ne.

Yaron da jaridu suka so

Bankman-Fried ya gane abin da 'yan kasuwa da yawa ba su gane ba, cewa in kana hayar taurari, gara kai ma ka zama tauraro. Ya kuma san irin labarin da editoci suke so. Ga yaro ɗan manyan malaman shari'a biyu na jami'ar Stanford, ya yi karatu a MIT, suma buzu-buzu, gajeren wando da tishat ko a gaban wa, yana kwana a kan tumtum a ofis, yana tuƙa Toyota Corolla alhali dukiyarsa a takarda ta haura dala biliyan 20. Sannan ga zancen da ya fi kowanne sayuwa: wai yana tara kuɗin ne domin ya rabar da su sadaka. Mujallar Forbes ta sa shi a bangonta a 2021. A Afrilun 2022 ya zauna a kan dandamali a Bahamas, Bill Clinton da Tony Blair suna gefensa, shi kuma da gajeren wandonsa. Mujallar Fortune ta sa hotonsa a bango a Agustan shekarar tana tambaya ko shi ne magajin attajirin mai zuba jari Warren Buffett. Wata uku ya rage kamfanin ya kife.

Daga baya, a gaban kotu, Caroline Ellison, wadda ta shugabanci ɗaya kamfaninsa mai suna Alameda Research kuma ta taɓa zama budurwarsa, ta ba da shaida cewa sumar nan da motar nan duk lissafi ne. Yana ganin sumar tana da daraja a kasuwa, kuma motar alfarma aka fara ba shi, ya canza ta da Corolla domin idon mutane. Gidan da yake kwana kuwa katafare ne a saman bene a wata unguwar attajirai ta Bahamas, kuɗinsa ya haura dala miliyan 30. Wannan ba wani ɓoyayyen sirri ba ne da sai an haƙa rami. Hoton Corolla ne dai ya fi daɗin bugawa.

Alamu ma ba su ɓuya ba. A Afrilun 2022, a wata hira ta Bloomberg, marubucin harkokin kuɗi Matt Levine ya nemi ya bayyana masa yadda wani nau'in neman riba a kirifto yake aiki. Bankman-Fried ya kwatanta shi da akwati wanda ba ya yin komai, mutane suna zuba kuɗi a ciki, darajarsa tana hawa saboda ana zubawa, wasu su gani su ƙara zubawa. Levine ya ce masa a fili wannan ai bayanin kasuwancin damfara ne irin wanda ake biyan na farko da kuɗin na baya. Aka yi dariya, aka wuce. Ba FTX kansa yake kwatantawa ba, gaskiya ne, amma mutumin da yake riƙe da ajiyar jama'a ya yi irin wannan magana a bainar jama'a, ai ya isa a ce wani edita ya tura ɗan jarida ya tambayi abu mafi sauƙi: wane ne yake sa ido a kan kuɗin nan? Amsar ita ce kusan babu kowa. Kamfanin da aka yi wa ƙimar dala biliyan 32 a Janairun 2022 ba shi da wata majalisar daraktoci ta kirki.

Me ya hana a tambaya? A ganina kowa ya jingina ne da wani. Tauraro ya ga manyan masu zuba jari irin su Sequoia da SoftBank da Temasek na Singafo sun shiga, ya ce ai sun bincika. Ɗan jarida, wanda sau da yawa bai fahimci kirifto sosai ba kuma ba ya son a gane, ya ga masu jari da taurari da tsofaffin shugabanni, ya ce ai ba za su taru a kan ɓata ba. Mai jari ya ga bangon mujalla hankalinsa ya kwanta. Sequoia da kansa ya wallafa wani dogon rubutu na yabo a shafinsa a Satumban 2022, inda har aka yi alfahari da cewa Bankman-Fried yana buga wasan kwamfuta a lokacin da yake tallata musu kamfanin ta bidiyo. Sun sauke rubutun bayan sun yi asarar sama da dala miliyan 200. Talakan da ke can ƙarshen layi da wayarsa a hannu, shi ne ya ga dukkansu a jere ya zuba nasa.

Sai kuma maganar kuɗi kai tsaye. Gidauniyar iyalan Bankman-Fried ta yi wa ProPublica, cibiyar binciken ƙwaƙwaf da ake ji da ita a Amurka, alkawarin tallafin dala miliyan 5. Vox da The Intercept su ma sun samu tallafi. Ya zuba kimanin dala miliyan 10 a sabuwar kafar Semafor. Adalci ne a faɗi cewa waɗannan ba a ɓoye aka yi su ba, ProPublica ta mayar da dala miliyan 1.6 da ta riga ta karɓa, kuma a Vox ne aka buga ɗaya daga cikin hirarrakin da suka fi tona masa asiri bayan faɗuwarsa. Na kafar The Block, wadda aikinta kenan ba da labaran kirifto, shi ne na kunya. A Disambar 2022 aka gano cewa shugabanta, Michael McCaffrey, ya karɓi bashin dala miliyan 27 a asirce daga Alameda domin tafiyar da kafar, da wata miliyan 16 da aka yi amfani da ita wajen sayen gida a Bahamas. Ya yi murabus, ma'aikatansa suka ce ba su da masaniya. Ko da babu wanda ya taɓa buga waya ya ce a cire labari, wanda ya ci ladan kuturu ya san akwai aski a gaba.

'Yan siyasar Amurka sun ja maganar zuwa nasu ɓangaren. Masu ra'ayin riƙau suka ce an lallaɓa shi ne saboda ya ba jam'iyyar Democrat kusan dala miliyan 40 a zaɓen 2022. Akwai ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba. Wani babban jami'in FTX, Ryan Salame, ya zuba wa 'yan Republican sama da dala miliyan 20 a zaɓen, shi kansa Bankman-Fried ya ce ya ba su a ɓoye. Mujallun kasuwanci da suka fi kowa kambama shi ba don jam'iyya suka yi ba. Labarin yaro mai baiwa da ya zama biloniya yana jawo masu karatu, shi kuma yana ɗaukar wayar kowane ɗan jarida a kowane lokaci. Mutumin da yake ba ka hira duk sa'ad da ka nema, da wuya alƙalaminka ya yi masa kaifi.

Kwana tara

Wanda ya fasa ƙwan ba babbar jarida ba ce. Ranar 2 ga Nuwamban 2022, Ian Allison na CoinDesk, kafar da sai 'yan harkar ne suka san ta, ya wallafa abin da ya gani a takardar lissafin kadarorin Alameda. Cikin dala biliyan 14.6 da kamfanin yake iƙirarin mallaka, kaso mai tsoka ba komai ba ne illa FTT, wato kuɗin kirifton da FTX ya ƙirƙira da kansa. Ranar 6 ga wata Changpeng Zhao, mai kamfanin Binance, ya ce zai sayar da FTT ɗin da ke hannunsa. Jama'a suka yi rububin cire kuɗinsu, kimanin dala biliyan 6 cikin kwana uku, sai aka tarar babu. An daɗe ana kwasar ajiyar mutane ana tura wa Alameda, daga can kuma a yi caca da su a kasuwa, a sayi gidaje, a ba 'yan siyasa, a biya masu talla. Ranar 11 ga Nuwamba FTX ya kai kansa kotu ya ce ya karye.

John Ray, lauyan da ya taɓa tattara gawar kamfanin Enron, shi aka miƙa wa ragamar. Ya shaida wa kotu cewa tunda yake aiki bai taɓa ganin kamfanin da ba shi da tsari irin wannan ba. Ana amincewa da kashe kuɗi ta hanyar tura 'yan hotunan nan na hira a waya, ana riƙe lissafin biliyoyi da manhajar da ƙananan shaguna suke amfani da ita.

Ko a nan ɗin hali bai sake ba. Jaridar New York Times ta buga wani rahoto kwana uku bayan karyewar wanda ya sha suka saboda taushinsa, ya fi kama da labarin hazikin da abubuwa suka yi wa yawa. Ranar 30 ga Nuwamba aka haɗa shi ta bidiyo da babban taron kasuwanci na jaridar, ya amsa tambayoyi, da ya gama aka tafa masa. Ya yi ta zagaya gidajen talabijin yana cewa kuskure ne, har ranar 12 ga Disamba da aka kama shi. A Nuwamban 2023 aka same shi da laifi a tuhuma bakwai, ranar 28 ga Maris ɗin 2024 alƙali Lewis Kaplan ya ɗaure shi shekara 25.

Akwai wani ɗan labari a gefe da nake ganin ya fi shari'ar nuna halin kafafen. A Afrilun 2023 lauyan da ke ƙarar taurarin, Adam Moskowitz, ya ce mawaƙiya Taylor Swift ce kaɗai ta yi tambayar da ta dace, ta ƙi karɓar tayin dala miliyan 100. Nan take duniya ta ɗauka. Aka yi ta rubuce-rubucen yabon kaifin basirarta, har da darussan da 'yan kasuwa za su koya daga gare ta. A watan Yuli sai rahotanni suka fito cewa ɓangarenta ya riga ya sa hannu bayan watanni ana tattaunawa, Bankman-Fried ne ya janye. Wato kafafen da suka gama cin kunyar yarda da tauraro ba bincike, sun sake yarda da labarin wata tauraruwa ba bincike, a kan maganar kanta. A Satumban shekarar ne kuma Gannett, kamfanin da ya fi kowa yawan jaridu a Amurka, wanda ya sallami ɗaruruwan ma'aikata a 2022, ya yi shelar neman ɗan jaridar da ba shi da wani aiki sai bin labarin Taylor Swift. Ba wauta ba ce. Tun da Google da Facebook suka kwashe mafi yawan kuɗin talla, jarida tana rayuwa ne da yawan masu latsa labarinta, kuma sunan tauraro ya fi rahoton majalisar ƙaramar hukuma jawo yatsa.

A faɗi nawa aka bayar

Amurka tana da wata tsohuwar doka ta 1933 da ta ce duk wanda aka biya domin ya tallata takardun zuba jari, wajibi ne ya faɗi cewa an biya shi, ya kuma faɗi nawa. Da ita aka kama Kim Kardashian. A Yunin 2021 ta tallata wani kuɗin kirifto mai suna EthereumMax ga mabiyanta sama da miliyan 200 a Instagram. Ta sa 'yar alamar da ke nuna talla ne, amma ba ta ce an ba ta dala 250,000 ba. A Oktoban 2022 ta amince ta biya hukumar kula da hannun jari dala miliyan 1.26, ta kuma daina tallan kirifto na shekara uku. Kafin ita, a 2018, an ci tarar ɗan dambe Floyd Mayweather da DJ Khaled a kan irin wannan.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a dokar nan ba. Maroƙi a wurin biki, in alhaji ya miƙa masa, ba ya sokewa a aljihu ya yi shiru. Ɗagawa yake yi sama ya kwarara wa taro cewa wane ɗan wane ya ba shi dubu goma, Allah ya ƙara arziki. Daga nan in ya ce alhaji ya fi kowa a garin, kowa ya san ma'aunin da zai auna maganar. Babu wanda aka cuta. Cutar tana farawa ne ranar da aka ɓoye kyautar aka bar kirarin, aka kuma karanto shi cikin labarai da muryar mai gabatarwa.

Zancen FTX bai tsaya a Amurka ba. Kamfanin ya yi zawarcin matasan Afirka sosai, har da jakadu a jami'o'in Najeriya, a lokacin da naira take zubewa, mutane suna neman inda za su ajiye abinsu da dala, kuma Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kirifto tun Fabrairun 2021. Nestcoin, wani sabon kamfanin 'yan Najeriya, ya sanar da rage ma'aikata kwanaki kaɗan bayan karyewar saboda kuɗinsa sun maƙale a FTX. Salon kuma ya iso gida. A Mayun 2024 mawaƙi Davido ya ƙaddamar da kuɗin kirifto mai ɗauke da sunansa, farashin ya yi sama ya faɗo warwas cikin ɗan lokaci, hukumar kula da hannun jari ta Najeriya ta fito ta gargaɗi jama'a a watan Yuni. Duk wanda ya zauna a Arewa a shekarar ya ga yadda yara da manya suka duƙufa kan waya suna ta dangwale suna jiran kuɗin kirifton Hamster ya fashe, da yadda masu mabiya a TikTok da Facebook suke raba mahaɗarsu suna rantsuwa.

Ba sai an je kirifto ba ma. Jarumin fim ya riƙe kwalbar magani a Instagram ya ce shi kansa ya gwada, jaruma ta nuna filaye ko kayan gyaran jiki ta ce ta tsaya musu, ba wanda zai ce ga abin da aka biya. A rediyo ana sayen fili a yi awa guda ana lissafa cututtukan da ƙullin magani ɗaya yake warkarwa, sojojin baka kuma su karɓi na gaba. Mai gidan rediyon zai ce maka da kuɗin ne yake sayen man janareta ya biya albashi, kuma ba ƙarya yake yi ba. Hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace a Najeriya, wadda ta gaji APCON a 2022, ta ce dole a kawo mata talla ta tantance kafin a sake shi, har da na shafukan sada zumunta. Faɗa dai an faɗa. Faransa kuwa ta yi doka a Yunin 2023 da za ta iya kai mai talla a intanet kurkuku shekara biyu da tarar yuro 300,000.

Taurarin FTX ba su sha wata wahala ba. An shigar da su ƙara a Miami kwanaki kaɗan bayan karyewar, amma a Mayun 2025 alƙali ya kori mafi yawan tuhume-tuhumen, yana cewa ba a nuna sun san ana damfara ba. Shaquille O'Neal ya yi sulhu a kan dala miliyan 1.8. Larry David ya kira kansa wawa, ya ce shi ma ya yi asara tunda wani ɓangare na ladansa da kirifto aka biya shi. Masu ajiya kuwa, kotu ta amince a Oktoban 2024 a biya yawancinsu har da ɗan ƙari, amma bisa farashin ranar da kamfanin ya karye, lokacin Bitcoin bai kai dala 17,000 ba. Wata biyu bayan hukuncin ya haura dala 100,000. Kanun labarai suka ce an biya kowa cif.

Ian Allison ya samu lambar yabo ta George Polk, ɗaya daga cikin mafiya daraja a aikin jarida a Amurka. Labarin nasa ya taɓa har mai gidansa, domin kamfanin da ya mallaki CoinDesk a lokacin shi ne kuma mai Genesis, wanda guguwar ta kayar a Janairun 2023. A Nuwamban shekarar aka sayar da CoinDesk ga Bullish, wata kasuwar kirifto. Shekara guda bayan haka attajirin kirifto Justin Sun, wanda hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta taɓa tuhuma tare da taurari takwas da suka tallata masa haja, ciki har da Akon da Lindsay Lohan, ya sayi wata ayaba da aka manna a bango da sunan fasaha a kan dala miliyan 6.2, ya tara 'yan jarida a Hong Kong ya cinye ta a gabansu. CoinDesk ta buga labarin da ɗan shaguɓe, ta kuma tuna wa masu karatu tuhumar. Mutanen Sun, wanda kamfaninsa yake cikin masu ɗaukar nauyin babban taron shekara na CoinDesk, suka yi ƙorafi, sababbin masu gida suka sa aka sauke labarin. Kafin Disambar 2024 ta ƙare an sallami manyan editoci uku, ciki har da babban edita Kevin Reynolds.